Ranar da Mai Aski Ya Iso Kafin Ya Tashi

A layin 'yan kasuwar da ke bayan filin wasa akwai wani mutum da kowa ya manta sunansa na gaskiya, Kar-ka-damu kawai ake ce masa. Daga bakinsa sunan ya fito. Ka kai masa rediyo mai shiiii, zai karɓa ya ce kar ka damu, ka dawo ka tarar shiiii ɗin ya tafi, maganar ma ta bi shi. Shi ya gyara fankar mai burodi ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki tana kai wa rufi, kuma har gobe yana rantsuwa cewa fankar lafiyarta ƙalau, mutane ne ba su iya zama a ƙarƙashinta ba. Ya taɓa shiga kwas ɗin kwamfuta, bai gama ba, wai don ya lura malamin ya fara jin tsoronsa.

A ɗakin baya na gidan yayarsa yake zaune, a tukunyarta yake ci. Yayar nan ita ce shugabar ƙungiyar 'yan kasuwar layin, mai shagon yadi, mace ce da in ta ɗaga gira ɗaya 'yan dako ke sauke murya. Mijinta kuwa mai faci ne, mutum mai fara'a, wanda ba abin da yake so a duniya kamar ya ga ƙanin matarsa riƙe da tiyon iska a bakin titi.

Duk shekara ƙungiyar na shirya tseren gudu a filin wasa, kuma duk shekara sai an yi rigima a kan wanda ya fara isowa. Bana sai suka yi zuciya suka sayo kayan auna lokaci: tabarmar roba ɗaya a wurin tashi, ɗaya a wurin isowa, lambobin da ake maƙalawa a ƙirji waɗanda tabarmar ke ganewa, ƙaton allo mai haske, da kwamfutar da ke haɗa komai. Masu kayan sun zo sun girka, sun gwada, komai na tafiya daidai. Abin da ya rage kawai a samu wanda zai zauna a ɗakin gilashi da ke saman rumfar 'yan kallo ya sa ido. Ɗakin na da kujera mai juyawa, da makulli, da riga mai rubutu a baya: Mai Kula da Lokaci. Tunda Kar-ka-damu ya ga rigar nan barcinsa ya ragu.

"Yaya," ya ce ana cin abincin rana, "kin san a duk layin nan ba wanda kwamfuta ke jin maganarsa sai ni."

"Fankar mai burodi ma ta ji maganarka," in ji Mai Faci, bakinsa cike da shinkafa.

"Mijin Yaya, ana maganar ilimi, ka bari sai an zo kan ƙusa da roba a neme ka."

Yaya ta ajiye cokali, ta dubi ƙaninta har ya daina tauna.

"Auta, saurara da kyau. Zan ba ka makullin, ba don ka iya ba, don kunyar mutane su ce ina da ƙane a gida na ɗauko bare. Masu kayan sun ce ba sai an taɓa komai ba. Ka zauna, ka kalla, ka sauko. In tseren ya tafi lafiya, ɗakin naka ne, rigar taka ce. In kuwa ka kunyata ni, washegari da safe kana shagon mijina kana ba tayoyi iska, kuma ba ranar fita."

"Na ma share masa wurin zama," in ji Mai Faci. "Kusa da bahon ruwan da ake tsoma tiyub."

"Kar ki damu, Yaya."

Da jin haka Yaya ta dafe ƙirji, don ba ta taɓa jin maganar nan daga bakinsa abu ya ƙare lafiya ba.

Ana jibi tsere ya hau ɗakin gilashi sanye da rigar, duk da ba a ce ya sa ba tukuna. Mai aski ya biyo shi don ganin ƙwaƙwaf. Shi mai askin nan ƙato ne, mai tumbi, matakalar kaɗai ta sa shi haki, amma ya rubuta sunansa a tseren saboda matarsa ta ce ba zai iya ba.

Kwamfutar dai akwatin ƙarfe ɗaya ce a ƙarƙashin tebur. Amma a cikinta an gina wata kwamfutar da ba ta da jiki, ba ka taɓa ta, aikinta kawai kake gani. Wannan ta cikin ita ke riƙe da komai na filin: ƙahon tashi, famfunan da ke fesa wa ciyawa ruwa da asuba, ƙofar shiga, lasifika, da lissafin tsere. An ara mata ƙwaƙwalwa huɗu daga babbar, kowace da nata agogon. In aiki ya zo, duk wadda hannunta ba komai ita ke karɓa, in ana son lokaci kuma nata agogon za ta duba ta faɗa. Shi ya sa masu kayan suka saka wata 'yar manhaja wadda ba ta da aiki sai zagaya agogunan nan huɗu tana daidaita su, kada ɗaya ya wuce ɗaya ko da ƙiftawar ido.

Kar-ka-damu na cikin juyi a kujera yana nuna wa mai aski maɓallan da shi ma bai san aikinsu ba, sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasan allon kwamfutar: An gyara agogo.

Ya tsayar da kujera.

"Wa ya gyara?"

"Ba kai ba ne?" in ji mai aski.

"Hannuna na kan cinyata."

Jim kaɗan rubutun ya sake fitowa: An gyara agogo. Kar-ka-damu ya ji abin har cikin ransa. A duniya yana iya jure yunwa, yana iya jure zagi, amma a gyara masa aiki a gaban mutum, wannan kam ba ya ɗauka.

"Ka gani ko? Ina zaune da riga a jikina, wata 'yar sa-ido na bin bayana tana gyara ni. Gobe sai a ce ita ce ta yi aikin."

"To ka ƙyale ta mana, tunda ba albashi take karɓa ba."

"Kai da kake aski, za ka yarda kana gama kai wani ya biyo da almakashi yana cewa an gyara?"

Mai aski ya gyaɗa kai, don maganar ta shige shi. Kar-ka-damu ya lalubo manhajar, ya danna a kashe. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ji rashin kunya, ya danna. Ta sake tambaya da jan rubutu. Ya danna da ƙarfi har tebur ya motsa.

"Yanzu ni zan saita su da hannuna, kuma ba da agogo ɗaya ba. Ƙwaƙwalwa huɗu, agogo huɗu. Alƙali ma ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya."

Ta farko ya saita ta da agogon hannunsa, wanda ke tsayawa in ya ga dama sai an girgiza shi. Ya girgiza shi sannan ya kwafa. Ta biyu ya ce a ba mai aski girmansa, aka aika aka dubo agogon bangon shagonsa. Mai aski bai faɗa ba, amma da gangan yake tura agogon nan gaba wajen kwata guda don ya riƙa tashi cin abinci da wuri. Ta uku aka saita ta da agogon kicin ɗin Yaya, saboda ita ce shugaba, agogon da batirinsa ya tsufa yake jan ƙafa a baya. Ta huɗu kuma, don kada a ce yana gaba da mijin yayarsa, ya leƙa motar Mai Faci ya kwafo na jikin sitiyari. Wannan tun da aka canja wa motar batir ba wanda ya saita shi, rana tsaka shi a wurinsa asuba ce.

"Amma ai ba su zo ɗaya ba," in ji mai aski, yana leƙen allon.

"In za su zo ɗaya, me ya sa aka yi su huɗu? Kowace ta faɗi ra'ayinta, kwamfuta ta ɗauki gaskiya a tsakani. Kar ka damu."

Washegari da rana Yaya ta zo duba shiri, ita da mijinta. Suna tsakiyar fili tana nuna inda za a jera kujerun baƙi, sai ƙwaƙwalwar agogon mota ta karɓi aiki, ta duba, ta ga asuba ta yi. Famfunan ciyawa suka tashi gaba ɗaya. Kafin Yaya ta buɗe baki, ƙwaƙwalwar agogon mai aski ta karɓa, ta ga rana ta take, ta kashe. Mai Faci ya sauke hannu daga fuska, ya fara dariya, ta mota ta dawo, ruwan ya same shi a baki.

"Auta!"

Kar-ka-damu ya leƙo ta taga daga sama, a bushe.

"Gwaji ne, Yaya! Ina wanke bututu!"

"Da mayafina kake wanke bututun?"

"Na'ura sabuwa ce, tana ɗumama jiki. Mota ma ai sai an ba ta wuta kafin ta ɗauki hanya, tambayi mijinki."

"Ka taɓa wani abu?"

"Taɓawa kamar yaya? Na dai inganta."

Mai Faci ya matse hularsa, ya ɗaga kai ya ce, "Ƙanina, takalmin roba lamba nawa kake sawa? In saya maka tun yau, shagon akwai laka."

Yaya ta so ta hau ta gani da idonta, amma masu kawo kujeru suka iso suna rigima da mai gadi, saboda ƙofar filin ta buɗe musu, ta rufe a kan rabin motarsu, ta sake buɗewa. Ta tafi raba faɗa tana ɗigar ruwa, maganar ta wuce a haka.

Ranar tsere filin ya cika maƙil. Mai burodi ya kafa tebur, yara sun hau katanga, mata sun zo da lema. Babban baƙo shi ne likitan asibitin layin, wanda zai miƙa kofi. A cikin masu gudu wanda kowa ya sa wa ido shi ne tela, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda ya yi watanni yana zagaya filin kafin ya buɗe shago, ya kuma ɗinka wa kansa gajeren wando na musamman mai ratsin ja. Akwai mai aski, da lambarsa a kan tumbi maimakon ƙirji. Akwai kuma wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, mai sayar da zare da allura, wadda ta ce ita ba gudu za ta yi ba, tafiya za ta yi da sandarta, kuma duk wanda ya hana ta Allah ya isa.

Likita ya karɓi makirufo ya fara jawabi a kan amfanin motsa jiki. Bai kai ga gaishe da shugaba ba, ƙwaƙwalwar agogon mai aski ta ga lokacin tashi ya yi.

Ƙaho ya ɗauka: fuuuuu!

Rabin masu gudu suka zabura, wasu da takalmi ɗaya, wani da kofin shayi a hannu. Sauran suka tsaya suna kallon juna. Yaya ta fizge makirufo ta ce a dawo, a dawo, ba a fara ba. Aka dawo ana haki ana tsaki. Likita ya gyara murya ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya kai kan hawan jini, sai famfunan ciyawa suka tashi suka jiƙa takardarsa, suka mutu.

"Kar ku damu!" Muryar Kar-ka-damu ta fito ta lasifika. "Wannan don kwantar da ƙura ne, cikin tsari yake!"

Aka sake jera mutane. Ƙwaƙwalwar agogon hannunsa ta ga nata lokacin ya yi, ƙaho ya sake busawa, wannan karon kowa ya tashi. Tela ya fita kamar an harba shi. Mai aski ya yi gudu na gaske har zuwa teburin mai burodi, a nan ya tsaya ya ce zai duba wani abu. Kaka ta taka tabarmar tashi, ta tsaya ta gyara ɗankwali, ta kama hanya tana gaisawa da 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya.

Tela ya iso shi kaɗai, na biyu ma bai shawo kwana ba. Ya taka tabarma, ya ɗaga hannu sama, matarsa na tsalle tana kiran sunan sana'arsa. Sauran suka riƙa isowa a jiƙe, don ruwan bai daina zuwa yana tafiya ba. Ana cikin haka ƙwaƙwalwar agogon kicin, wadda ke jan ƙafa, ta farga cewa lokacin tashi ya yi, ta busa ƙaho na uku. Wasu da suka riga suka iso suka sake zabura suka shiga zagaye, sai da aka bi su da gudu aka kamo su. Daga ƙarshe Kaka ta iso, bayanta kuma mai aski, yana tafe yana share ɓurɓushin burodi daga lambarsa.

Kowa ya juya ga babban allo. Abin da tabarma ke yi mai sauƙi ne: in ka taka ta farko a tambayi lokaci a rubuta, in ka taka ta biyu a sake tambaya, a ɗebe wancan daga wannan. Sai dai wadda ta amsa a farko ba lallai ita ce za ta amsa a ƙarshe ba.

Allo ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya kawo sakamako. Tela ne a can ƙasa, na ƙarshe. Ta agogon mota ce ta rubuta tashinsa, ta mai aski ta rubuta isowarsa, don haka allon ya ce ya shafe fiye da awa biyar yana gudu.

"Awa biyar?" Tela ya dafe kai. "Awa biyar da suka wuce ina kan gado! Ku tambayi matata!"

"Yana kan gado," in ji matar, "har da minshari!"

Ta biyu Kaka ce. Allon ya ce ta zagaye filin cikin 'yan daƙiƙoƙi, saurin da ko babur ba ya yi. Aka faɗa mata a kunne, ta gyaɗa kai ba mamaki, ta ce dama tun tana yarinya ba a kama ta.

Na ɗaya kuwa mai aski. A gaban lokacinsa akwai 'yar alamar ɗebewa. Kowa ya shiga lissafi a zuci, har likita ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"In na fahimci allon nan," in ji likita a makirufo, "wannan bawan Allah ya iso wajen minti goma kafin ya tashi."

Dariyar da ta ɓarke sai da ta tashi tsuntsayen kan rumfa. Mai burodi ya ce to in haka ne burodin da ya ci a hanya bai riga ya ci ba, a dawo masa da shi. Likita ya kama hannun mai aski yana duba bugun jini, ya ce shi a iya karatunsa bai taɓa ganin mai wannan ciwon ba. Mai aski kuwa ya buɗe ƙirji ya nufi kofi.

"Na'ura ba ta ƙarya," ya ce. "Ni kaina na ji a jikina ina sauri. Ina matata? A kira ta ta gani."

Tela ya riƙe kofin ta kunne ɗaya, mai aski ya riƙe ta ɗayan, Kaka ta saƙala sandarta a tsakiya ta ce a bi a hankali da kayanta.

Yaya ta ɗaga kai ta dubi ɗakin gilashi.

"Auta, me ke faruwa?"

"Yaya, abin na ilimi ne," in ji lasifika. "Shi lokaci ba abu ɗaya ba ne. Manyan masana ma sun ce ya danganta da inda mutum yake tsaye."

"Ni a nan nake tsaye, kuma na ga tela ya riga kowa!"

"Ido na ruɗi, Yaya. Shaidu huɗu ne da ni a nan."

"Gaskiya ne," mai aski ya sa baki, bai saki kofin ba. "Har da agogon shagona a ciki. Tun da ya kashe 'yar sa-idon nan mai gyara agogo, kowace ƙwaƙwalwa ke cin gashin kanta."

Yaya ta juyo a hankali.

"Ya kashe me?"

Kar-ka-damu ya hango ta ta tattare zane ta nufi matakala, hankalinsa ya tashi. Ya ce bari ya daidaita su da hannu kafin ta iso. Ya kama agogon mota ya tura shi gaba, ya zarce da shi har bayan magariba. Nan take fitilun filin suka kama da rana tsaka, ƙofa ta ja kanta ta rufe garam, lasifika ta saki kiɗan sallama, wata murya mai daɗi ta ce an gode da zuwa, an rufe fili, kowa ya sauka lafiya. Mutane suka ruga ƙofa suka tarar ba hanya. Ya ja agogon baya da sauri, ruwa ya dawo. Ya danna wani maɓalli don ya kashe ruwan, bai san ya haɗa allon kwamfutarsa da babban allo ba, duk abin da yake yi yanzu jama'a na kallo da manyan haruffa.

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Yaya ta tsaya a kansa, ruwa na ɗiga daga gefen mayafinta a kan kafaɗar rigar.

"Kunna ta."

"Yaya, in na kunna ta, mutuncina..."

"Mutuncinka na ƙasa yana iyo. Kunna ta."

"A ba ni minti biyu."

"A wane agogon?"

Ya lalubo 'yar manhajar, ya kawar da kai kamar mai shan magani, ya danna. Ba ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

A babban allo, a gaban duk layin, rubutu ya fito: AN GYARA AGOGO. Ya sake fitowa a ƙarƙashinsa, ya sake, ya sake, ɗaya ga kowace ƙwaƙwalwa. Ruwa ya tsaya, fitilu suka mutu, kiɗa ya yanke, ƙofa ta buɗe a hankali. Jama'a suka ɗauki tafi da sowa, wani ya ce a ba na'urar rigar, wasu suka amsa da a ba ta, a ba ta. Wannan tafin ya fi ruwan da dariyar ƙona wa Kar-ka-damu rai, don tunda yake ba a taɓa yi masa irinsa ba.

Aka ba tela kofi da shaidar ido, kamar yadda ake yi tun kafin a sayi kaya. Kaka ta ƙi tafiya sai da likita ya yi mata alkawarin zai faɗa wa jikokinta da bakinsa irin saurin da allo ya ce ta yi. Mai aski ya sa an ɗauki hoton allon tun kafin a goge, ya ce zai manna a shago kusa da madubi. Yaya kuwa hannu kawai ta miƙa. Ya ba ta makulli. Hannun bai sauka ba. Ya cire rigar ya ɗora.

Washegari da safe ga Kar-ka-damu a bakin titi, cikin takalmin roba da ya yi masa yawa, kusa da bahon tsoma tiyub. Mai Faci na ta murmushi kamar an yi masa haihuwa. Wata ƙaramar mota ta tsaya, direban ya ce a duba masa iska.

"Ƙanina, ga aikinka na farko, kuma ba wuya," in ji Mai Faci. "Taya huɗu ce, iskarsu ta zo ɗaya. Ga ma'auni, ka ɗora a bakin kowace, shi zai gaya maka in ka yi daidai ko ka zarce. Ka ji? Ɗaya za su zo."

"Mijin Yaya, mutumin da ya riƙe ƙwaƙwalwa huɗu kake koya wa taya?"

Mai Faci ya shiga ciki ɗauko shayinsa. Kar-ka-damu ya tsuguna ya ba tayar farko iska, ya buga ta da ƙafa, ya ji ta yi masa. Ya ɗora ma'auni don ya tabbatar wa duniya. Allurar ta haura ta wuce jan layi, ta tsaya tana rawa. Ya dube ta, ya cire, ya sake ɗorawa. Ta koma wurin.

"Kai ma?" ya ce a hankali. "Kai ma gyara ni za ka yi?"

Ya waiga, ba kowa. Ya zura ma'aunin cikin bahon ruwa, ya ture shi ƙarƙashin wani tsohon tiyub. Ta biyu ya auna ta da babban yatsa, ta uku da gwiwa, ta huɗu kuma ya kara kunne ya saurara.

Motar ta tashi ta karkace gefe guda, gaba na tsalle, baya na jan ciki. Direban ya taka birki, ya leƙo ta taga.

"Malam, lafiya motar nan take tafiya haka?"

Kar-ka-damu ya goge hannu a wando, ya ɗaga masa yatsa.

"Kar ka damu," ya ce.